Jan Ɗigo a Taswirar Kasuwa

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. Ƙawayena na unguwar Wunti in sun shigo gidanmu, kafin ma su gaida Inna sun fara: "Balkisu, ya ƙasar Faransanci? Me ya ramar da ke haka? An ce can sumbatar kumatu ake yi in za a gaisa, ke ma kin yi?" Ni kuwa sai in yi dariya in kawo musu ruwa. To na gaji da noƙe-noƙe, ga labarin nan gaba ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba, kuma yawancin abin da zan ba ku labarin tsoro ne.

Bari in fara da karatun, tunda har yau wasunku "mai lissafi" kawai suke ce mini. Abin da nake yi a digiri na biyu shi ne kwaikwayon al'amura da lissafi a kwamfuta. Ka ɗauki abin da ke faruwa a duniya, kamar yaɗuwar cuta ko ambaliya, ka mayar da shi lissafi, kwamfuta ta yi ta maimaita shi, ka ga abin da zai iya faruwa tun bai faru ba. Ni aikina a kan gobarar kasuwa ne. Na zana taswirar wata kasuwa ta cikin garin nan, ba zan faɗi sunanta ba, da layukanta da ƙofofinta da lungunanta. Mutane su ne baƙaƙen ɗigo. Sai in sa jan ɗigo a inda wuta ta tashi, in danna, baƙaƙen su watse suna neman ƙofa. A ƙasa wata lamba tana nuna yawan waɗanda ba su samu fita ba. Burina in nuna wa hukuma inda ya kamata a ƙara ƙofa.

Saboda wannan aikin aka zaɓe ni zuwa wani horo na 'yan makonni a Gaundare, ni da abokiyar karatuna Rifkatu, 'yar Bogoro da ke zaune a Gwallameji. Ita nata aikin a kan yadda kwalara ke bin rijiyoyi ne. Ga shi kuwa muna tsakiyar shekarun nan da ake tayar da bam a kasuwanni da tashoshi, mace mai hijabi in ta tunkari shingen sojoji sai ta ga an gyara riƙon bindiga. Baba ya so ya hana. Sai da baban Rifkatu ya zo da kansa suka zauna a zaure, sannan Baba ya ce Allah ya kai mu lafiya.

Daga Bauchi zuwa Yola ban iya ƙirga shingayen da muka wuce ba. A wasu sai an sauke mu, mu taka da ƙafa hannu a sama, mota ta biyo mu a hankali. Direbanmu kuwa da ya bar shinge sai ya rama lokacin da aka ci masa, ya taka mota kamar ana binsa bashi. Wani dattijo mai sayar da goro da ke gefena ya tambaye ni abin da nake karanta. Da na yi masa bayani sai ya gyara zama ya ce, "To 'yata, don Allah ki lissafa mana, wannan yaron zai kai mu Numan ko a hanya zai ƙarasa mu?" Mota ta ɗauki dariya, har direban. Bayan Gombe taya ta fashe, muka zauna a ƙarƙashin wata bishiya muna cin gyaɗa muna shan rake, dattijon yana cewa ai lissafinsa ya riga nawa.

A Jimeta muka kwana gidan gwaggon Rifkatu, Mama Saratu. Kirkin matar nan har ya sa ni jin kunya. Kafin in tambaya ta kawo mini buta da tabarma ta nuna mini gabas, kazar da ta dafa mana ma sai da ta aika aka kira malamin maƙwabta ya yanka. Bayan mun ci na buɗe kwamfutata na ɗan gyara wani abu a aikina, da gajiya ta kama ni sai na rufe murfin kawai ban kashe ta ba. Duk mai irin karatunmu haka yake yi, ba ma son rufe aiki a tsakiya.

Washegari wata tsohuwar mota ta kai mu wani ƙaramin gari a bakin iyaka. Ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. Muka hau acaɓa muka tsallaka wani busasshen rafi, sai ga wani ɗaki mai rufin kwano da tuta a gabansa, jandarmomi, wato jami'an tsaron Kamaru, suna zaune a inuwa. Aka zazzage jakunkunanmu. Wani matashi a cikinsu ya nuna kwamfutata ya yi alamar in kunna, don a tabbata kwamfuta ce ba wani abu ba. Na ɗaga murfin.

Taswirar kasuwa ta fito fes, da jan ɗigo a tsakiya. Kuma da yake ban tsayar da shi ba, sai aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya: baƙaƙen ɗigo suka shiga guje-guje, suna cunkushewa a ƙofa, lambar ƙasa tana hawa. Matashin ya ja da baya ya daka wata tsawa da Faransanci. Kafin in ce wani abu na ji ƙarar bindigogi ana ɗana su. Wallahi sai ji na yi na zauna a ƙasa ba wanda ya ce in zauna.

Aka shigar da mu wurin babbansu. Dogo ne baƙi, da furfura kaɗan a gemu, ba ya ɗaga murya. Hausarsa tana fita sarai, irin ta mutanen Garwa.

"Malama, wannan wace kasuwa ce?"

"Ta garinmu ce, ranka ya daɗe. Bauchi."

"Wannan jan fa?"

"Wuta ce. Inda gobara ta tashi."

"Wannan lambar?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya sake tambaya.

"Waɗanda ba su fita ba," na ce.

"Wato waɗanda suka mutu."

Na shiga bayani. Na ce karatu ne, na ce don a ceci mutane ne, na nuna takardar gayyata. Ya karanta ya ajiye gefe kamar takardar ƙosai. Ni kaina da nake jin maganar tana fita daga bakina na san ba ta da daɗin ji: mace daga arewa maso gabas, da hijabi har ƙasa, da taswirar kasuwa, da lissafin gawa. Ya dubi Rifkatu, ya ga sarƙar gicciye a wuyanta, ya ce ita tana iya tafiya.

"Yallaɓai, tare muka zo," in ji Rifkatu. "In tsare ta za ku yi, ku nemo tabarma biyu. Ni na san ranar da ta fara zana abin nan, ni na riƙe mata igiyar awo a cikin kasuwar."

Na so in toshe mata baki, don a ganina ƙara mana laifi ta yi. Amma ta ja kujera ta zauna abinta.

Muka wuni a wurin. Ana ta buga waya, ana ambaton sunana cikin Faransanci. Abin da na fi tsoro shi ne mota ta zo a ce a miƙa ni ga sojoji, don kowa ya san wanda aka tafi da shi a irin wannan zargi ba a cika jin labarinsa da wuri ba. Duk ƙarar injin da na ji sai in leƙa waje. Can wajen la'asar babban ya kira mu. Ya sa aka ɗauki hotona, ya sa na cire kalmar sirrin kwamfutar, ya saka ta a aljihun teburinsa ya kulle.

"Ku je ku yi karatunku," ya ce. "Amma ta nan za ki dawo, ki same ni. In kin bi wata hanya, hotonki zai je kowane shinge, namu da naku. In kuma wani abu ya tashi a wata kasuwa a ƙasar nan kafin ki dawo, ke zan fara nema."

Da wannan maganar a kaina na shiga Kamaru. Garwa ban ga komai a cikinta ba sai zafi da babura. Daga can muka hau doguwar bas zuwa Gaundare, hanya tana ta hawa dutse, iska tana ƙara sanyi, har Rifkatu ta ciro rigar sanyi tana cewa ashe Jos ma wasa ce.

An sauke mu a gidan wata tsohuwa Bafulatana, Dada Asta, mai ba ɗalibai haya. Ɗan Fulatancin da na tsinta a Bauchi ya yi mini rana, da na gaishe ta da shi sai ta riƙe hannuna ta ce daga yau ni 'yarta ce. Abinci kuwa sai a hankali. Da safe dogon burodi ne mai taurin tsiya, ranar farko sai da ya yanke mini dasashi. Akwai wani rogo da suke naɗewa a ganye, mai tsami da danƙo, ana ci da gasasshen kifi. Rifkatu ta kamu da sonsa, ni kuwa ko ƙamshinsa ban iya jurewa ba. Abin da ya cece ni miyar yakuwar Dada, wadda suke kira folere, da kindirmo mai kauri da ban taɓa shan irinsa ba. Nama kuma araha kamar a bakin mahauta.

Ga amsar tambayarku ta sumbata: e, ana yi, amma ba da ni ba. Ranar farko wani malami Bafaranshe ya nufo ni da kumatu, na ja da baya na dafa ƙirji, ya tsaya da wuya a miƙe kamar zakara zai sha ruwa. Daga baya ya koyi dafa ƙirji shi ma. Wani abin da ya ba ni mamaki, da rana tsaka sai a rufe komai a tafi cin abinci, ofis da shago, ba mai sauraronka sai sun dawo. Mu da muka saba cin abinci a tsaye a bakin aji, sai muka rasa yadda za mu yi da lokacin.

Karatun ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, wani yana kwaikwayon tafiyar fari a gonaki, wata tana lissafin yadda tafki ke janyewa. Na sauko da kwafin aikina daga imel na ci gaba a kwamfutocin makarantar. Ranar da na gabatar da shi, abin da ya fi burge su wani maɓalli ne da na ƙara tun a Bauchi. In an danna shi, kwamfuta takan gwada jan ɗigon a kowane lungu na kasuwar ɗaya bayan ɗaya, har ta gano wurin da wuta za ta fi yin ɓarna. A karatunmu wannan ƙa'ida ce, kullum ana neman mafi munin hali don a yi shirinsa. Babban malamin ya tafa mini, ya ce kowa ya koya daga gare ni. 'Yan aji suka ce in tura musu, ni kuma kaina ya kumbura, na tura wa duk wanda ya roƙa, har da taswirar.

Amma duk wannan da rana ne. Da na koma gida sai in tarar da Dada da rediyonta a kunne, ni kuma ba na jin Faransanci sai kalmar kasuwa, ita kam na haddace ta. Da na ji ta sai in ajiye cokali. "Dada, me suka ce?" Ta ce farashin masara ne. Gobe kuma in sake tambaya. Na daina barcin kirki, na daina waya da Inna sosai don kada ta ji a muryata. Ni da nake karanta lissafin yiwuwar abu, na zauna na auna da kaina: ƙasa guda, kasuwanni ba iyaka, makonni da yawa, a irin wannan zamani. Amsar da na samu ba ta kwantar mini da hankali ba.

Ana saura 'yan kwanaki mu taho, na shigo na ga Dada ta rage muryar rediyo da ta gan ni. Ita ma ta san labarin, don Rifkatu ta gaya mata.

"Dada, don Allah kada ki ɓoye mini."

"Wuta ce, 'yata. A wata kasuwa, can wajen hanyarku. An ce akwai waɗanda suka rasu. Ba a san abin da ya tayar da ita ba tukuna."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Kuma ku ji rashin kyan tsoro: ba mutanen da suka mutu nake wa kuka ba, kaina nake wa. Wani ɗan ajinmu da ya ji labari ya ce ya san masu babur da ke bi ta daji su fitar da mutum har Najeriya ba tare da ya ga shinge ba. Na ce zan bi. Rifkatu ta ce in na bi ita ba ta bi, kuma in tuna hotona yana hannunsu. Muka yi faɗa sosai, har na ce mata ita ai ba hijabi gare ta ba, ba za ta gane ba. Idonta ya kawo ruwa. Dada ce ta raba mu. Ta ce, "Mara gaskiya ko a ruwa gumi yake. Ke kina da gaskiya, kada ki ara wa kanki gumin wani. Ki koma ta ƙofar da kika shigo."

Haka muka kamo hanya. Tun daga Garwa ban sa komai a bakina ba. Da muka hango tutar nan da rufin kwano sai na ji kamar in ce mai mota ya juya. Matashin da ya fara ganin taswirar shi ya gane ni, ya yi mini nuni da ɗakin. Aka tsayar da Rifkatu a waje, wannan karon ba su saurari gardamarta ba.

Babban yana zaune, kwamfutata a buɗe a gabansa.

"Kin dawo," ya ce. "Zauna. In don wutar nan kike rawar jiki, wayar lantarki ce, an gano. Ba ruwanki."

Na sauke wata ajiyar zuciya da sai da ya ɗago ya dube ni. Na fara godiya, ya ɗaga hannu.

"Na bincika makarantarku, gaskiya kika faɗa. Amma tun da kika tafi nake wasa da abin nan naki in na samu sarari. Zo ki gaya mini, wannan maɓallin me yake yi?"

Ya danna kafin in amsa. Jan ɗigon ya shiga tsalle daga lungu zuwa lungu, lambar tana hawa tana sauka, sannan ya tsaya cak a wuri guda. Na san wurin. Na san mai shagon da ke wurin, na sha sayen zare a hannunsa.

"Yana nemo inda wuta za ta fi ɓarna ne, ranka ya daɗe, don a san inda za a gyara."

"An gyara?"

"Tukuna. Sai na gama na kai wa hukuma."

"To kafin a gyara, wa wannan amsar take yi wa amfani?" Ya juyo da kwamfutar ta fuskance ni. "Malama, mutanen da muke nema suna ɓata watanni suna zagaya kasuwa don su san abin da na'urarki ta faɗa mini kafin shayina ya huce. Ni da ban yi karatunku ba, da yatsa ɗaya na samu. Wa kuma yake da shi bayan ke?"

Nan ne na ji tsoron da ya fi na ranar farko. Na tuna malamina na Bauchi yana da shi. Na tuna ajin Gaundare, da tafin da aka yi mini, da sunayen da na yi ta tura wa, wasu ko fuskarsu ban riƙe ba. Na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya dafe goshinsa.

"Da a ce ke muguwa ce da ya fi mini sauƙi," ya ce. "Sai in kulle ki in yi barci. Ɗauki kayanki ki tafi. Allah ya tsare mutanen garinku."

Rifkatu ta rungume ni a waje tana "Mun gode wa Allah, an sake ki!" Ni kuwa ko murmushi na kasa. A Jimeta, kafin in cire hijabi, na goge maɓallin da taswirar daga kwamfutata da imel ɗina. Na rubuta wa duk waɗanda na tura wa, na roƙe su don Allah su goge. Wasu sun amsa sun ce sun goge. Wani ya ce ai ya riga ya ba wani abokinsa a wata jami'a, don aikin ya burge shi. Wasu har yau shiru. Malamina ya kai maganar ƙofofin inda ya kamata, an karɓa an ce za a duba.

To kun ji abin da ya ramar da ni. Ku tambaye ni komai game da burodi da sumbata da sanyin Gaundare, zan faɗa muku, amma kada wadda ta tambaye ni sunan kasuwar ko layin, ko da wasa.

Shekaranjiya Inna ta ce in je in sayo mata kayan ɗinki a waccan kasuwar. Na ce kaina yana ciwo. Ta ɗauki mayafinta da jakarta ta ce bari ta je da kanta, ai ba nisa. Na bi ta har zaure ina so in ce ta bari, ban san da wane dalili zan hana ta ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hanya, ban iya komawa ciki ba sai da na hango ta ta sauko daga keke napep da ledarta a hannu.